Hanyar Da Ta Gangara Cikin Tafki

Ku matso kusa. Labbo, ja ƙofar nan. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada in ji wani ya yi dariya.

Kun san Kawu Arzika, direban nan mai farin ido ɗaya. Kullum kuna tambaya me ya sami idon. Yau zan gaya muku. Amma in kun gan shi gobe, ku gaishe shi kamar ba ku ji komai ba.

A bakin tafkinmu kowace babbar tunga tana da hasumiya mai fitila a kanta. Ita masunta ke dubawa su gane gaɓa in duhu ya rufe su a kan ruwa. Wata shekara fitilun suka tsufa, aka samo sababbi masu aiki da hasken rana. Sarkin Ruwa ya ce yana neman mai mota da zai zagaye tafkin, tunga tunga, ya kai wa kowace hasumiya tata.

Arzika har wanke motarsa ya yi. Shi ya girme wa kowa a kan hanyoyin nan. Sai ga ɗan aike ya wuce ƙofarsa, ya yi sallama a ƙofar ƙanensa Dantani. Dantanin da shi ya koya wa riƙon sitiyari.

Ranar da za a tsara tafiyar, Dantani ya tsuguna a ƙofar fada da tsinke, ya zana tafkin a ƙasa. Nan zan fara, nan zan kwana, nan zan sha mai. Dattawa suna ta gyaɗa kai. Sarkin Ruwa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Yaron nan kansa na ja."

Arzika yana tsaye a baya. Ya ce a lokacin ji ya yi kamar ya haɗiyi garwashi.

Da aka watse, Dantani ya same shi.

"Yaya, duba mini nan. Tsakanin Tungar Noma da Gungun Maje zagayen ya yi yawa. Babu yanke?"

Akwai wata tsohuwar hanya a wurin. Kafin ruwan tafkin ya ci tsofaffin garuruwa, ita ake bi. Yanzu ba ta zuwa ko'ina sai cikin laka da ruwa. Arzika ya san da haka sarai.

Ya ce, "Akwai. In ka kai mararraba mai kuka, yi hagu."

"Allah ya bar mana kai, Yaya."

"Yaya Ige, so yake ya mutu?"

A'a, Hajo. So yake motar ta kafe, a yi masa dariya, sannan shi ya zo ya ciro shi a gaban mutane. Iyakar abin da ya nufa ke nan. Amma ba Dantani kaɗai ya ji maganar ba.

Ranar da Dantani zai kai wurin, Arzika ya hau babur bayan la'asar ya bi shi. Ya iso mararrabar rana ta yi ja. Ga sawun taya sabo, ya yi hagu. Daɗi ya kama shi.

A gindin kukar wata mata ce tsaye, ta lulluɓe da baƙin zane. Ta ɗaga hannu.

"Malam, rage mini hanya."

Muryar ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da kai cikin tulu.

Ya ce ta hau. Babur ɗin ya nutse kamar an ɗora buhun gishiri. Suka fara gangarawa. Ba iska. Ba kukan tsuntsu. Can sai ya ji bayansa ya yi sanyi, rigarsa ta jiƙe. Rabon da a yi ruwa kuwa tun kaka.

Ta ce, "An ce ana rabon fitila."

"Ana yi."

"Tungar Noma sun samu. Gungun Maje za su samu. Mu an tsallake mu."

"Ku na wace tunga ne, Baba?"

"Wadda hanyar nan take zuwa."

Ya saci kallon ƙasa. Ƙafarta tana kan ƙarfen babur, fara fat, kamar ta wanda ya kwana a ruwa. Tsakanin yatsun fata ce a haɗe, irin ta agwagwa.

Bai tsaya ba. Hannunsa ya ƙi sakin totur.

Ta ci gaba. "Mu muka fara kunna wuta a bakin ruwan nan. Da man kaɗe. Tun ba a haifi kakannin waɗancan ba. Yanzu muna ƙasa, muna ɗaga kai muna kallon hasken wasu. Ka san yadda abin yake. Ka sani. Na ji warinsa a jikinka tun daga fada."

Ya ci gaba da tuƙi, ita kuma ta ci gaba da magana.

"Mun gode da ka turo mana shi. Wanda ya kawo fitila, shi zai zauna ya riƙa kunna ta."

"Ni ba haka na ce ba."

"Gobe wa za a kira? Wa za a dafa wa kafaɗa?"

To ku ji abin tsoron. Ba ƙafar ba, ba muryar ba. Kawu da bakinsa ya ce, da ta faɗi haka, sai da ya sassauta gudu. Ya ga kansa a ƙofar fada, tsinke a hannunsa, dattawa suna kallonsa. Ya ji daɗin abin har cikin ƙashinsa.

Suna karya kwana sai ga tafki. Can cikin ruwa wata hasumiya ce ta laka, baƙa, babu wuta a kanta. Shekara da shekaru yana bin bakin tafkin, bai taɓa ganinta ba. Motar Dantani tana tafiya a hankali ta nufe ta. Ruwa ya rufe tayoyin gaba. Wasu mutane masu baƙaƙen kaya suna tsaye cikin ruwa suna yi masa hannu, taho, taho.

Motar ta tsaya. Dantani ya leƙo ta taga. Da alama jikinsa ya ba shi wani abu. Sai Arzika ya ji muryarsa, ras, a kan ruwan.

"Ku yi haƙuri, bayin Allah, na ɗan yi shakka ne. Amma Yayana ya ce nan ce hanya. Shi ba zai ɓatar da ni ba."

Motar ta sake motsawa.

Arzika ya buɗe baki zai yi ihu. Hannu mai sanyi ya kama maƙogwaronsa. Ya ambaci sunan Allah a zuci, ya kayar da babur ɗin da gangan. Ya tashi da gudu, ya faɗa ruwa har ƙugu, ya fizge ƙofar motar.

"Baya! Sa giyar baya, Dantani!"

"Yaya? Ga hanya a bushe..."

"Na ce baya!"

Motar ta ja da baya tana kuka. Arzika ya damƙo fitila ɗaya daga bayan motar. Da ya juyo, matar tana gabansa. Ruwan bai ko motsa ba a inda take.

Ya miƙa mata. "Ga fitila. Ita ke kunna kanta in duhu ya yi. Ba kwa bukatar kowa."

"Rana take ci. Rana ba ta zuwa inda muke."

"To me kike so?"

Ta matso. Numfashinta warin laka.

"Idon da kake kallon ƙanenka da shi. Akwai wuta a ciki. Za ta daɗe ba ta mutu ba."

Ta ɗora yatsa ɗaya a kan idonsa na hagu. Bai ji zafi ba. Sanyi kawai.

Dantani ne ya jawo shi gaɓa. Da suka waiga, ba mata, ba mutane, ba hasumiya. Sai wani haske can ƙarƙashin ruwa, yana sauka a hankali.

Dantani ya ƙarasa zagayensa ta doguwar hanya, aka yi ta yabonsa. Har yau gani yake yayansa mantuwa ya yi, ya biyo shi don ya cece shi. Duk taron da suka je sai ya ba da labarin. Kawu yakan sunkuyar da kai.

Kada ku ɗauka abin ya bar shi. Bara da Dantani ya sayi sabuwar mota, ina wurin. Kowa na murna. Na ga farin idon nan yana zubar da ruwa, shar, har gemu. Na miƙa masa ƙyalle. Da ya dawo mini da shi, sanyi ƙalau, ga laka a jiki.

Ya ce da ni a hankali, "Haskensu yana ƙaruwa yanzu, Ige. Ina ganinsu. Suna murna."

Don haka in kun kai mararraba mai kuka, dama za ku yi. Kada ɗayanku ya gangara hagu shi kaɗai, ko da rana tsaka. In kuma akwai wanda kuke jin zafinsa a rai, kada ma ku bi ta wurin. Daga nesa take jin warin.

Labbo, sakar mini zane. Ku yi addu'a ku kwanta.