Irin da Ya Ɓace Ranar Shuka

Sufeto bai gama shan shayinsa ba wani mutum ya shigo caji ofis, taɓo har gwiwar wando, riƙe da sungumin shuka. Kofur ya ce masa ya ajiye abin a waje. Mutumin ya ajiye, ya dawo yana haki.

Tela ne, ko kuma da can tela ne. Ya sayar da kekunan ɗinkinsa ya kama hayar gona, amma sunan bai bar shi ba. Ya ce jiya da yamma aka yi ruwan shuka, yau ya yi sammako zuwa bukkar gonarsa, ya tarar babu buhun irin geronsa.

Sufeto ya tambaye shi ko ba a sayar da gero a kasuwa ne.

Tela ya yi bayani. Irin mai saurin nuna ne, daga nesa ya yo odarsa, don damina a nan gajera ce. Kafin wani ya iso ƙasa ta bushe. Kuma sharaɗin da ya yi da mai gonar a gaban shaidu shi ne, in ruwan farko ya wuce bai yi shuka ba, gona ta koma hannunta.

"Kai ka yarda da wannan sharaɗin?"

"Yallaɓai, lokacin ban san komai ba. Na ɗauka shuka kamar ɗinki ce, ranar da ka zauna ka yi."

Suka tafi a babur, Kofur na tuƙi.

Gonar tana ƙarshen hanya, inda itatuwa suka ƙare. Gonakin gefe faƙo ne, ruwan jiya ya bi ta kansu ya wuce. Ta Tela kuwa cike take da ƙananan ramuka a jere, kowanne da taki a ciki, kowanne ya riƙe danshi. Ya ce rani guda ya yi yana haƙa su shi kaɗai, masu wucewa na yi masa dariya. Kofur ya ce ko ba a faɗa ba an san aikin tela ne, layin kamar an sa awo.

Kwaɗon bukkar na nan a kulle. Ƙusoshin ƙofar aka zare aka jingine ta. A ciki akwai injin feshi, da tocila, da sabon takalmin roba. Sufeto ya daɗe yana kallon injin.

"Wannan ya fi irin tsada?"

"Sosai, yallaɓai."

Sufeto ya fito. Ya zagaya bayan bukkar. A kan jiƙaƙƙiyar ƙasa akwai sawun amalanke, tayar hagu tana barin wani tambari mai kusurwa huɗu, alamar faci. Sawun ya bi ya hau tsakuwa ya ɓace.

Mai gonar tsohuwa ce, mijinta ya rasu, ƙafarta ɗaya ba ta taka ta sosai. Suka same ta a zaure tana tsefe igiya. Ta ce ita ba ta da abin faɗa a kan Tela, yaron kirki ne, sai dai gaggawa. Gonar ma ta fi shekara nawa ba wanda ya kalle ta.

"Yanzu fa, Inna? Akwai mai kallonta?"

Ta ci gaba da tsifar igiya. Can ta ce ɗan ƙaninta, wanda ake ce wa Dogo, ya taɓa yi mata maganar, wai bai kamata baƙo ya ci gonar gado ba. Amma magana ce kawai. Kuma Dogo ba ya nan, ya yi tafiya tun kafin ruwa.

Sufeto ya tambaya ko Dogon yana da amalanke. Ta ce kowa ma yana da amalanke. Ba ta ɗago kai ba.

A ƙofar gidan Dogo amalanken na tsaye, taɓon tayoyinsa bai gama bushewa ba. Kofur ya juya tayar hagu a hankali har facin ya bayyana. Ya kalli Sufeto, Sufeto ya yi sallama.

Dogo da kansa ya fito yana gyara hula. Ya ce yanzun nan ya dawo daga tafiya. Da aka nuna masa taɓon, sai ya ce ai da safe ya ɗebo ruwa. Da aka ce an ga sawu a bayan bukkar Tela, ya ce hanya ta kowa ce, shi bai san ma an yi bukka a wurin ba.

Ƙaurin gashin tsuntsu na fitowa daga cikin gida. Sufeto ya nemi izinin shiga.

Matar Dogo na zaune a tsakar gida, gabanta kwano cike da figaggun zabi, tana fige wata. Tukunya na kan wuta. Sufeto ya gaishe ta, ya ce halan baƙi za a yi.

Ta ce ina fa baƙi. Da safe ta ga zabin suna tangaɗi suna faɗuwa a bayan rumbu, shi ne ta sa aka yanka su kafin su zama mushe.

"Sauke tukunyar nan," in ji Sufeto. "Wani ya ci?"

"A'a, ba ta nuna ba."

Ya ce ta tsaga ƙundun guda. Ta tsaga. A ciki akwai ƙwayoyin gero, jajaye kamar an rina su. Sufeto ya aiki Kofur ya kira Tela daga waje. Tela ya duba, ya ce nasa ne. Da maganin ƙwari ake haɗo shi, shi ya sa yake ja, kuma mai sayarwar ya gargaɗe shi kada ko kaza ta kusance shi.

Matar ta juya ta kalli mijinta. Muryarta ba ta tashi ba.

"Maigida, da yanzu na zuba wa 'ya'yanka."

Dogo ya zauna a kan turmi. Ya cire hular ya riƙe a hannu. Ba a sake tambayarsa komai ba, shi ya fara. Ya ce gonar ta kakansa ce, ya bar ta ne don ta mutu, ko ciyawa ba ta fitarwa. Sai ga mutumin da ko riƙon fartanya bai iya ba ya zo ya tashe ta. Ya so ne kawai danshin ya wuce, Goggo mai gonar ta karɓi abinta, shi ya shuka a ramukan. Bai yi niyyar sayar da irin ba, a bayan rumbu ya ɓoye shi, buhun ya yage a ƙusar amalanke. Goggo ba ta san ya ɗauka ba, ta dai yi zargi ta rufa masa asiri ne.

Kofur ya jawo buhun. Fiye da rabi na nan. Ya sa wa Dogo ankwa, sannan ya tuna wa Sufeto cewa buhun shaida ne, sai an kai shi ofis an ajiye har ranar kotu.

Tela ya matso. Ya kalli buhun, ya kalli sama. Rana ta ɗaga, babu gajimare ko ɗaya.

Sufeto ya karɓi leda a hannun matar, ya ɗebi irin cikin tafin hannu biyu ya ƙulle, ya haɗa da ƙundun. Ya ce a haƙa rami a binne zabin duka. Sannan ya tura buhun da ƙafa zuwa gaban Tela.

"Na cikin ledar nan ya ishi kotu. Ka zo ka ba da bayani in ka gama."

Aka fita da Dogo ta ƙofar gida, Kofur na riƙe da hannunsa. Tela ya saɓa buhun a kafaɗa ya bi ɗaya hanyar, har ya yi nisa sannan ya tuna ya baro sunguminsa a ƙofar caji ofis. Bai juya ba. Ya karya reshe a bakin hanya don ya yi shuka da shi, ya ci gaba da sauri.