Ruwan Ido a Littafin 'Yar Taga

"Wallahi Tabarau, yau sai ka gaya min ko wace ce ita!"

Na dire littattafan nan uku a kan teburinsa. Ya ɗago kai daga kwamfuta, ya gyara gilashin da ya jawo masa wannan suna, ya yi murmushin nan nasa mai kashe min jiki.

"Ranki ya daɗe, ko sallama babu?"

"Na yi, ƙarar injinku ce ta cinye ta."

Tabarau mai gyaran rubutu ne a maɗaba'a. Duk littafin da za a buga sai ya bi ta ƙarƙashin idonsa. Kuma shi ne mutumin da zuciyata ta zaɓa, har ya fara shirin zuwa gaishe da Baba.

Abin da ya kawo ni kuwa aikin makaranta ne. Malamarmu ta adabi ta ce kowa ya zaɓi littattafan matasa, ya yi nazarinsu da marubutansu. Ni kuwa an sosa min inda yake min ƙaiƙayi, don tun ina ƙaramar sakandare nake karanta su a ɓoye cikin bangon littafin lissafi.

Kullum ina tambayar kaina, su wa ke rubuta waɗannan abubuwa? Wasu kana karantawa ka san sun manta ƙuruciya, sai wa'azi shafi bayan shafi. Wasu kuma duk saurayin da suka ƙirƙira sai ya zo da mota mai baƙin gilashi, kamar masu tafiya a ƙafa ba su da zuciya.

Amma 'Yar Taga daban take. Haka take sa hannu a littattafanta, babu hoto, babu adireshi. Gidajen labarinta irin namu ne, masu famfo mai ɗiga da ƙanne masu laɓe. Ta san yadda kunya take shaƙe mutum a maƙogwaro. Na yi ta sifanta ta a raina, wata rana in ga doguwa ce mai shiru, wata rana in ga uwar 'ya'ya ce mai rubutu da goyo a baya.

"To me ta yi miki?" in ji Tabarau.

Na buɗe shafin da na naɗe. "Duba nan. Idan mutum ya yi kuka a littafinta, sai ta ce ya yi ruwan ido. Kai ba gwanin gyara ba ne? Ruwan ido ai shi ne ka ga kaya birjik ka rasa wanda za ka zaɓa. Jiya 'yan ajinmu sun yi dariya har da riƙe ciki, Malama kuma ta zagaye shi da jan biro."

"Na gyara, masoyiyata. Duk bugu sai na mayar da shi hawaye, a dawo min da shi ruwan ido."

"To ka haɗa ni da ita in tambaye ta dalili."

"Ba zai yiwu ba."

"Ko a waya ne!"

"Haba Auta, ki yi min rai... na yi masa alkawari ba zan..."

Ya kama bakinsa da hannu.

"Masa?" na ce a hankali. "Masa ka ce, Tabarau?"

"Tuntuɓen harshe ne."

"Kai da kake kwana kana tashi da 'ya' da 'ta'? Namiji ne!"

Na zauna a kan wani ƙunshin takardu. Jiya da ake ta dariya a aji ni ban yi ba, saboda na san gida ɗaya a duniya da ake kiran kuka ruwan ido, kuma a cikinsa aka haife ni.

Ni ce na ƙago kalmar. Ina 'yar mitsitsiya na tarar da Yayana yana kuka a bayan ƙofa, na ruga na ce, "Baba, Yaya yana ruwan ido!" Aka yi ta dariya, kalmar ta zauna daram a gidanmu. Sunan mace da na gani a bangon littafi ne kawai ya hana ni yarda da abin da zuciyata take raɗa min.

Yaya ya bar gida shekaru da dama. Baba mai kantin magani ne, ya so ɗansa ya karanci haɗa magunguna ya gaje shi. Yaya ya yi nisa a karatun, sai ya ajiye ya ce shi labari zai rubuta. Suka yi ta sa-in-sa har ranar da Baba ya nuna masa ƙofa. Tun daga nan ba a ambatar sunansa a gaban Baba, Umma kuma ta rage magana.

Da na gama ba shi labari, Tabarau ya cire gilashinsa yana gogewa da gefen riga.

"Yayanki ne? Wallahi ban sani ba... Yakan kawo rubutu, mu sha shayi, amma bai taɓa zancen gida ba."

"Lafiyarsa lau? Ya rame? Ya yi aure?"

"Lau yake. Bai yi ba." Sannan ya ce, "Auta, Baba ya ɗauka littattafan makaranta kawai muke bugawa. Idan ya ji ni nake gyara abin da ya raba shi da ɗansa, kin san maganarmu ta sha ruwa."

"Na sani."

"Kuma duk da haka za ki gaya masa?"

Na dube shi. Ina son Tabarau, so mai yawa, kuma tsoron rasa shi ya kama ni har cikin ƙashi. Amma ina son Yayana ya dawo gida.

"Ka yafe min, rabin raina," na ce.

Ya mayar da gilashin. "Je ki. Da ƙanwata ce ke, haka zan so ki yi."

Washegari da rana na sami Baba a kanti yana jera kwalabe a kan kanta.

"Baba, aiki aka ba mu a makaranta. Ina so in karanta maka wani wuri ka gaya min ra'ayinka."

Ya leƙo bangon littafin ya taɓe baki. "Waɗannan shirmen ne yanzu karatu? To, karanta, kunnena na wurinki."

Na zaɓi babin da yaron labarin ya saɓa da mahaifinsa. Na karanta: "Ya tsaya a bakin titi da jakarsa, yana ruwan ido, yana jira ko za a kira shi."

Ƙarar kwalabe ta tsaya.

"Sake karanta wurin nan."

Na sake. Baba ya juyo, kwalba a hannunsa, ya daɗe yana kallon littafin.

"Wa ya rubuta?"

"An sa 'Yar Taga... amma namiji ne, Baba."

Ya ajiye kwalbar a hankali, ya jawo kujera ya zauna. Na jira tsawa, ba ta zo ba.

"Uban fa?" ya ce. "Me ya ce uban ya yi bayan tafiyar yaron?"

Na juya shafi. "Ya ce, uban ya sa sakata, ya shiga ɗaki ya yi barcinsa."

"Ƙarya ne!"

Har sai da na zabura. Baba ya miƙe yana laluben makullin kanti a aljihu.

"A ina ake buga wannan abu?"

Na ce, "A wurin... su Tabarau. Shi yake gyarawa. Amma wallahi bai san..."

"Mu je."

Da muka isa maɗaba'a Tabarau ya miƙe tsaye har kujerarsa ta kife.

"Kai ne mai gyaran?" in ji Baba.

"Ni ne, Baba."

"To ka bar kuskure babba a littafin nan. Kira min marubucin."

Tabarau ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya ɗauki waya, ya ce wani dattijo ya zo da ƙorafi, kuma ba zai tafi ba sai ya ga mai littafi.

Baba ya ƙi zama. Ya yi ta kai-komo tsakanin tarin takardu, yana tambayar Tabarau ko mutane suna saye, ko yara suna so. Da aka ce masa har rububi ake yi, sai ya ce, "Uhm," ya kawar da kai.

Can sai ga Yaya a bakin ƙofa. Ya tara gemu, ya ƙara tsawo a idona. Yana ganinmu ya daskare.

"Kai ne 'Yar Taga?" in ji Baba. "Duk sunayen maza sun ƙare ne?"

"Baba..."

"Akwai gyara a littafinka. Ka ce uban ya sa sakata ya yi barci. Wa ya gaya maka? Kana wurin?" Muryar Baba ta karye. "Uban nan bai sa sakata ba. Har yau bai sa ba! Uwarka tana ta faɗan ɓarayi za su kwashe mu, ni kuwa ina cewa na manta..."

Yaya ya zube a ƙasa ya riƙe ƙafafunsa. Ni kam tuni na daina ganin komai sosai.

Baba ya dafa kansa, ya juya wajen Tabarau. "Kai kuma, bugu na gaba ka tabbata an gyara, sannan ka zo gida mu yi magana."

Sai ya kamo hannun Yaya ya ɗaga shi.

"Tashi mu tafi. Uwarka ba ta san da wannan fitar ba, kai za ka fara yi mata sallama."