Tuwon Asabar a Kabong

"Hajiya ta ce ko dai ki daina zuwa Kabong, ko a dakata da maganar sa rana."

Abdulfatah ya faɗi saƙon mahaifiyarsa kansa a ƙasa, yana juya makullin Keke Napep ɗinsa. Amatullah ta tsaya a bakin zaurensu tana kallonsa.

"Kai kuma me ka ce mata?"

"Na ce zan yi miki magana... Masoyiyata, ki fahimce ni. An gaya mata duk Asabar kina wuni a gidan wata Kirista, ba ta san me kuke yi ba."

"Girki muke yi, Abdul. Kai ka sani."

Ya sani. Shekara biyu da suka wuce Baban Amatullah ya yi wata uku a asibiti, har gidansu ya kai ga cin sau ɗaya a rana. Duk Asabar sai wata dattijuwa, Mama Chundung, ta shigo da kuloli tana raba wa masu jinya, ba ta taɓa tambayar sunan kowa ba. Da Baba ya warke, Amatullah ta nemi ƙungiyar da ke girkin a gidan dattijuwar, a unguwar Kabong ta Jos, ta shiga aikin sa-kai.

"Ina sonka," ta ce, "amma ba zan bari ba. Ka kawo Hajiya ta gani da idonta."

Ba ta zaci Hajiya za ta zo ba. Ranar Asabar tana tsugune gaban ƙatuwar tukunya, hayaƙi ya cika mata ido, sai ta ji sallama. Ga Hajiya Ladi cikin babban mayafi, fuska a ɗaure, Abdulfatah na bayanta kamar mai laifi.

Mama Chundung ta tare ta da kujera. "Sannu da zuwa, Hajiya. Ki zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba. Naman nan wa ya yanka?"

"Malam Salisu mahauci. Shi ma ɗan ƙungiya ne."

Hajiya ta zagaya ta duba gwaten da wata 'yar ƙungiya, Bernadette, ke motsawa, ta gyaɗa kai, sannan ta leƙa tukunyar Amatullah. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan tuwon ne za ki kai wa marasa lafiya? Duk gudaji?"

"Hajiya, tukunyar ce ta yi min girma..."

"Ba ni muciyar."

Ta ɗaure mayafinta a ƙugu ta hau tuƙi, tana faɗa tana ba da umarni, a ƙara ruwan zafi, a rage wuta. Kafin azahar ita da Mama Chundung suna gardama kan yawan daddawa, suna ƙyalƙyala dariya.

Hajiya ta bi su har asibiti. A can wata Bafulatana daga wajen Vom, da ke jinyar mijinta, ta karɓi kwano ta riƙe hannun Hajiya da hannu biyu.

"Tun jiya ban sa komai a baki ba, Inna. Allah ya jiƙan mahaifa."

A hanyar komawa cikin keken Abdulfatah, Hajiya ta yi ta goge ido da gefen mayafi. Amatullah na zaune a gefenta. Sai da suka tsaya a ƙofar gida Hajiya ta dafa gwiwarta.

"'Yata, ki yafe min. Na saurari magana ban bincika ba."

"Haba Hajiya, ba komai..."

"Amma tuwonki sai an gyara, gobe ki zo gida in koya miki." Ta juya ga ɗanta da ke murmushi ta madubi. "Kai kuma ka gaya wa kawunnanka su je a sa rana."

"Wace rana kike so, Hajiya?"

"Ko wacce. Ban da Asabar dai, muna da aiki."