Sunan da Ba a Kira

Ranar da matarsa ta rasu, Parsaloi yana kan Lengai, dutse mai aman wuta, yana nuna wa Turawa wutar. Bai bar aikin ba.

Wani dare bayan haka, suna hawa cikin toka mai ɗumi, sai ya ji kacau-kacau na duwatsun wuya a bayansa. Mace ce, ba fitila, ba takalmi, kuma tokar ba ta ɗaukar sawunta.

"Baban Sein, har yau baƙi ne gaba da ni? Kira sunana sau ɗaya, in je in huta."

Kabilarsa, Masai, ba sa kiran sunan mamaci. Duk da haka ya buɗe baki, sai wani Bature ya ja hannunsa: "Jagora, mun kusa?"

Ya amsa masa tukuna, kamar kullum. Da ya waiwaya, sai hayaƙi. Sunan yana bakinsa har yau.