Idon Tagulla na Alhaji Abdurrashid

Ƙarfe uku da rabi na rana aka buga waya komisariya, ofishin 'yan sanda: an sace idon kyamarar Alhaji Abdurrashid Mai Foto.

Kafin Sufeto Tchakoura ya sauka daga babur a layin mahauta, Zongo ta gama shari'a. Wasu sun ce aljanun da ke cikin akwatin ne suka gaji da zama. Wasu sun ce Munir ɗan zemijan ne, mai haya da babur, tunda ba shi da dangi a unguwa da za su tsaya masa. Tchakoura ya gaisa da kowa, bai ɗauki maganar kowa ba.

Yana shiga shagon ya tsaya cak. Akwati ne na katako mai duhu a kan ƙafafu uku, tsayinsa ya kai masa ƙirji, da zugazugin fata kamar na maƙeri, da baƙin mayafi a rataye. A gabansa akwai rami fanko, daidai faɗin bakin kofi.

"Nan yake," in ji tsohon, Alhaji Abdurrashid, daga kan tabarma. "Tagulla ne, gilashi huɗu a ciki. Mahaifina ya ɗauki hoto da shi, ni ma shekara hamsin. Tsofaffin Zongo nake ɗauka kafin su tafi. Na yi ashirin da shida, saura tara. In idon ya tsallaka iyakar Aflao kafin magariba, to, shi ke nan."

"Yaya aka yi, Baba Alhaji?"

"Hajiya Ajaratu na zaunar a kujerar can, shekararta casa'in da huɗu. Na daidaita komai, na sa gidan fim, na zare allon, na ɗora shi a kan akwatin. Saura na cire murfin ido na ƙirga takwas. Sai jiri ya kwashe ni, wajen ƙarfe ɗaya. Munir ya kai ni kilinik, aka mayar da Hajiya gida. Ƙofar janyo ta kawai aka yi."

Aka kira Munir. Ya shigo yana murza makullin babur.

"Bayan ka sauke Alhaji, ina ka je?"

"Masallaci, Shef."

"Wa ya ja salla?"

Munir ya kalli rufin ɗaki.

"Bon, Shef, barci na yi a ƙarƙashin rumfar mai nama. Kada dai liman ya ji."

Mai nama ya ce haka ne, har da minshari. Tchakoura ya sallame shi, ya koma ya zagaya akwatin. A bayansa wani gida na katako yana maƙale, faɗinsa kamar littafi, da wani siririn allo a soke a ciki.

"Baba Alhaji, ka ce allon a sama ka bar shi."

"A sama."

"Ga shi a ciki. Kansa baƙi."

Tsohon ya miƙe da saurin da likita bai yarda masa ba. Ya shafa kan allon.

"Kan allon nan gefe biyu gare shi, ranka ya daɗe. Fari a waje: fim bai ga haske ba. Baƙi a waje: an ɗauka. Ni ban ɗauka ba."

"Ɓarawon titi zai san wannan?"

"Ɓarawon titi zai kwance ido, haske ya ƙone fim, ya yi tafiyarsa. Wanda ya rufe wannan, ni na koya masa."

"Mutum nawa ka koya wa?"

Alhaji ya koma kan tabarma.

"Biyu. 'Yata Afra'u. Da Samir."

Afra'u malama ce a makarantar firamare, ta zo da alli a hannun rigarta. Samir ya kusa arba'in, yana da shagon hoton zamani a unguwar Bè. Ya iso yana salati, ya durƙusa har ƙasa.

"Maigida, sannu! Wa ya yi maka wannan?"

"Yaushe rabonka da shagon nan?" in ji Tchakoura.

"Tun Babbar Salla, Shef."

"A me ka zo yanzu?"

"Zemijan. Baburina yana wurin gyara."

"Ke fa, Malama?"

"Ina aji har ƙarfe uku."

"Aji ya tashi tun sha biyu yau, na ga yara a hanya."

Ta sunkuyar da kai. Ta ce ta je nema wa Baba magani ne a Bè-Kpota, wanda ya hana a saya masa. Tchakoura ya rubuta, ya sa ɗan sanda a ƙofa, ya ce duk su zauna.

"Baba Alhaji, mu wanke fim ɗin."

Ɗakin duhun bai fi ɗakin wanka girma ba, sai ƙaurin tsami. Faranti uku a jere. Alhaji ya jefa ƙanƙara a roba, ya tsoma ma'aunin zafi.

"Digiri ashirin, ba ƙari ba ragi. Ruwan famfon Lome ya yi ɗumi, yana dafa fim. Kashe wayarka."

"Ba jar fitila ake kunnawa ba?"

"Wannan abin da mutane ke gani ne a talabijin. Jar fitila ta takarda ce. Fim ba ya yafe kowane haske."

Ya kashe wuta. Tchakoura ya sha shiga ɗakin gawa bai ji komai ba, amma irin wannan duhun bai taɓa shiga ba. Ya ɗaga hannunsa gaban fuskarsa, babu hannu. Sai muryar tsohon, a natse, kamar yana karantarwa.

"Akwai 'yan tsaga a gefen fim. In suna kusurwar sama ta dama, fuskar fim tana kallonka. Ta gefe ake riƙewa. Farantin farko yana fito da hoto, na biyu ya tsayar, na uku ya tabbatar. Wanda ya rikita su ya yi asara."

Ruwa ya riƙa motsi a hankali. Tsakanin motsi da motsi, ƙas, ƙas: carbi. Da shi Alhaji ke auna minti tara.

Da suka busar da fim ɗin a gaban fanka, tsohon ya kunna jar fitila, ya kifa shi a kan farar takarda, ya danne da gilashi, ya haska na ɗan lokaci. Ya zura takardar cikin ruwa. Fara fat.

Sai wata inuwa ta taso daga cikin farin. Ƙafar kujera. Saƙar tabarma, kara bayan kara. Labulen bango da kowane zarensa. Tchakoura ya matso kusa. Ɗakin da babu shaida, ga shi yana dawowa da kansa daga ƙarfe ɗaya na rana.

"Subhanallahi," ya ce, bai san ya faɗa ba. "Amma babu mutum."

"Ba za a gan shi ba. Mai hoto ba ya tsayawa gaban ido, ta gefe yake cire murfi. Kuma a ɗauka mai tsawo, abin da ke motsi ba ya zama. Abin da ya natsu kaɗai ke zama."

A kan kujerar Hajiya Ajaratu, daidai inda aka saita ido don fuskarta, hular kwano ce ta babur a ajiye. A jikin hular wani farin ɗigo, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Alhaji ya miƙo masa gilashin ƙara girma.

Tchakoura ya sunkuya. Ɗigon ya buɗe ya zama takardar manne, da lambobi takwas, kowace tsaf kamar an rubuta da allura.

Ya fito da hoton yana ɗigar ruwa, ya kunna wayarsa, ya danna lambobin ɗaya bayan ɗaya.

Aljihun Samir ya ɗauki kiɗa.

Ba wanda ya motsa. Kiɗan ya yi ta yi har ya gaji.

"Baburinka yana wurin gyara," in ji Tchakoura. "Hular fa?"

Samir ya kalli hoton, ya daɗe yana kallo. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa ba musu ba ne.

"Ya fita da kyau," ya ce a hankali.

"Ina idon?"

"Yana cikin hular, a shagona. Ba sayarwa zan yi ba, wallahi. Na ji an kai Maigida kilinik, na zo dubawa, na tarar da ƙofa a buɗe. Shekara goma sha ɗaya ina goge gilashin nan, Maigida, ba ka taɓa bari na ɗauki hoto ɗaya da shi ba. Sai na ji ka ce idon na Afra'u ne."

"To me ya sa ka rufe fim ɗin?"

"Na cire murfi don na ga gilashin, sai na hangi allo a waje. Ban san na mayar ba, Shef. Hannuna ne. Ba a barin haske ya ci fim."

Ɗan sanda ya kama shi a gwiwar hannu. Mutanen da ke ƙofa, masu aljanu da masu Munir, suka buɗe hanya ba tare da sun kalli juna ba.

"Samir," in ji Alhaji.

Ya waiwayo.

Tsohon ya ɗaga hoton sama, wajen hasken taga.

"Ga shi, ka riga ka ɗauki ɗaya."