Gurbin Baba a Kujerar Direba

Tela ya yar da tsohon soson kujerar direba, motar shara ta kwashe shi. Ɓarnar ke nan, babu wata.

Motar ta marigayi mahaifin Auta ce. Shekara ashirin da biyu yana tuƙa ta, shekara uku kuma tana tsaye a ƙarƙashin rumfar kwano tun rasuwarsa. Injinta lafiya lau, kujerun ne suka mutu. Yadi ya yayyage, soso na leƙowa. Ta direba kuwa ta lotsa ta gefen dama, don Baba mutum ne mai jiki, kuma a karkace yake zama.

Auta ce ta kawo shawarar a sabunta kujerun. Umma ta tafi jinyar ƙanwarta na kwana goma, kuma saura wata biyu auren Auta da Tela. Da an gama zai wuce da ita gari mai nisa, inda wani babban kamfanin ɗinki ya ɗauke shi aiki.

"Mu bar mata abin farin ciki kafin mu tafi," in ji Auta, tana miƙa masa makulli.

"Ni fa riga nake ɗinkawa, Autar Umma."

"To kujerar tsirara ka gan ta?"

"Idan na ɓata fa?"

"Sai in fasa auren!"

Suka yi dariya su biyun. Da sun sani da ba su yi ba.

Gaskiya yaron ya yi aiki. Ya kwance notuna, ya fito da kujerun tsakar gida. Ya bi ɗinkin da reza yana warwarewa, ya shimfiɗa kowane ƙyalle a kan sabon yadi, ya zagaye da alli, ya yanka. Auta na ja, shi yana ɗaurewa da waya. Sau uku waya na yankarsa, sau uku tana hura masa yatsa tana cewa, "Sannu, raina."

Da ya zo kan soson direba, ya ɗaga shi da yatsa biyu. Ya yi baƙi ƙirin, yana marmashewa.

"Wannan ai ya gama aiki."

Auta ta gyaɗa kai. Ta san kullum bayan la'asar Umma kan shiga motar ta zauna ta ja ƙofa. Ita a zatonta rediyo take saurare.

Ranar da Umma ta dawo, Auta ta rufe mata ido da hannu har rumfa.

"Buɗe, Umma!"

Kujeru sun tashi fes, ko tamoji babu. Tela na gefe yana murmushi, yana jiran yabo.

Umma ta matsa kusa da motar. Ta buɗe ƙofar direba ta zauna. Sabon soso ya tokare ta, ya miƙar da ita kamar baƙuwa a gidan mutane. Ta karkata dama. Babu komai a wajen. Ta shafa, ta sake shafawa. Ta kai hanci jikin yadin, sai warin gam.

"Ina gurbinsa?"

"Na wa, Umma?"

"Na ubanki! Nan nake zama in ji kamar a jikinsa na jingina... ƙamshin turarensa na nan... facin da na yi masa da hannuna na nan... ina kuka kai min shi?"

Tela ya durƙusa. "Umma, wallahi ban sani ba..."

"Ka tambaya?"

Tela ya sunkuyar da kai.

"Ka cire min miji a mota, yanzu kana jira ka cire min 'ya a gida. Tashi, ɗan nan. Tashi ka tafi."

Ranar Umma ba ta ci abinci ba. Washegari bayan la'asar ta fito har bakin rumfa, ta tsaya tana kallon motar, ta juya ta koma ɗaki. Wannan juyawar ce ta karya Auta. Ta kira Tela a waya.

"Ba zan bi ka ba."

"Auta, kin san me kike faɗa?"

"Ni na ba ka makullin. Abu biyu suka rage mata, na lalata ɗaya. Ba zan ɗauke na biyun ba."

"Ni kuma fa? Ina kika ajiye ni?"

"Kana cikin raina... amma uwata ce!"

Ta kashe wayar ta yi kuka har idonta ya kumbura.

Kwana biyar ba a ji ɗuriyarsa ba. Ashe har juji ya je yana tono, bai samu soson ba. Amma tsofaffin ƙyallayen na shagonsa, don tela ba ya yar da abin da ya yi awo da shi. Ya gwada keken ɗinki, yadin ya ɓarke saboda tsufa. Sai ya koma allura, ɗinkin hannu, yana bin ramukan ɗinkin da.

Rana ta shida ya yi sallama da ƙunshi a hammata, yatsunsa duk filasta. Bai nemi izinin kowa ba. Ya sa reza ya farke aikin da ya fi alfahari da shi a rayuwarsa, ya mayar wa kujerar direba tsohuwar rigarta, da facin Umma a inda yake.

Umma ta zauna. Ta shaƙi yadin. Hawaye ya zubo.

"Rigarsa ce," ta ce. "Amma gurbin babu."

"Babu, Umma. Ba zan yi miki ƙarya ba. Ba a ɗinka shi, zama ke yin sa."

"Shekara ashirin da biyu ya yi yana zama."

"To ki ba ni makullin. Duk inda za ki, ni zan kai ki."

"Daga can garin naka?"

Ya ciro takardar ɗaukar aikin daga aljihu ya ajiye mata a cinya.

"Na kira su jiya. Na ce su ba wani."

Auta ta toshe baki da gyale. "Ka haukace? Shekara huɗu kana neman aikin nan!"

"Ke kuma shekara biyar ina nemanki."

Umma ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta fito, ta zagaya ta shiga ɗaya kujerar, inda ta saba zama lokacin Baba.

"Siririn banza," ta ce tana share ido. "Da wannan jikin yaushe za ka lotsa kujera? Auta, ki dinga cika masa kwano."

An yi auren a ranar da aka sa. Aikin kamfani kuwa ya tafi har abada. Wanda aka ba a madadinsa yanzu shi ke da ma'aikata a ƙarƙashinsa. Tela yana nan a shagonsa mai ƙofa ɗaya, da keke ɗaya, yana rage tsawon wando da sauya zif. Bayan la'asar yake rufewa, ya je ya ɗauki Umma.

Kujerar ta fara lotsawa kaɗan. Ta gefen hagu.