Zaɓin Farko Na Kawu Gerardo

Ilenia tana goge kofuna a shagon kofin mahaifinta lokacin da ta ga mutum a bakin ƙofa. Dogo ne, ya rame, yana jan ƙafar hagu kamar mai jin kunyarta.

Ba sai an gaya mata sunansa ba. Duk garin Castelgrano an san Saverio, ɗan Carmela mai gidan burodi. Wata babbar ƙungiyar ƙwallo ta arewa ta ɗauke shi tun yana saurayi, aka gan shi a talabijin 'yan lokuta, sai gwiwarsa ta tsinke. Aka ɗinke, ta sake tsinkewa. Likitoci suka ce ya haƙura.

"Kofi ɗaya," ya ce, idonsa a ƙasa.

"Da sukari, ko yadda duniya take?"

Ya ɗago ya dube ta. Murmushin ya daɗe kafin ya fito, kamar ya manta hanya.

"Yadda take."

Daga teburin karta mahaifinta, Kawu Gerardo, ya ɗaga murya. "Jama'a, ga asarata ta shigo da ƙafarta. Ƙafa ɗaya da rabi ma!"

Tsofaffin suka yi dariya. Saverio ya shanye kofinsa, ya fita.

Asalin maganar, wata gasa ce da Gerardo da abokansa suka kafa tun Ilenia tana rarrafe. Kowa yana da ƙungiyarsa a takarda, ta 'yan ƙwallon gaske, abin da suka yi a fili ranar Lahadi shi ne makinsa. Tasu ba irin wadda ake watsewa a sake lale duk shekara ba ce. Wanda ka ɗauka naka ne har sai ka sake shi ko ka yi musaya. Duk watan Agusta, in 'yan ci-rani sun dawo bikin waliyyin gari, ake zama a shagon a zaɓi sababbin matasa, wanda ya zo na ƙarshe shi ke fara zaɓa.

Shekarar da Gerardo ya samu zaɓin farko, Saverio ya ɗauka. Ɗan garinsu ne, ya yi ta alfahari. Ya riƙe shi shekaru yana jira, har gwiwar ta tsinke karo na biyu.

Tun da idon Gerardo ya yi rauni, Ilenia ce ke karanta masa labaran 'yan wasa, ita ke jera masa ƙungiya. Kowa ya sani, shi kaɗai ke musu.

Saverio ya fara kawo burodin safe shagon. Kullum zai zauna ya juya wa talabijin baya. Wata safiya Ilenia ta tura masa wayarta.

"Duba mini yaron nan mai tsaron baya. Kowa cewa yake a ɗauke shi."

"Ni na daina ƙwallo."

"Ai ban ce ka buga ba."

Ya kalla a dole. Can ya ce, "Maido baya. Kin ga yadda yake sauka in ya yi tsalle? Duk nauyinsa a ƙafa ɗaya. Nima haka nake yi."

"To in bar shi?"

"Ki bar shi. Ki daina kallon mai ƙwallo a ƙafa, kowa kyau yake yi a nan. Kalli abin da yaro ke yi in ƙwallon ta yi nisa da shi."

Ita ma tana da nata. Ta ce ba ta sayen suna, sai wanda koci ke sa wa a fili duk mako. Ta ce tsohon ɗan wasa a rabu da shi tun ana yabonsa, kar a jira a fara zaginsa. Ta ce in zaɓi ya zo kanka, ɗauki wanda ya fi kowa iyawa, ko da ba gurbinsa kake nema ba, gurbi yana samuwa daga baya.

"Kai, ke ba ki da tausayi," ya ce. "Alƙaliya."

Sunan ya bi ta. Ita kuma ta koma kiransa Lamba Tara, lambar rigarsa ta dā. Da farko ya ɓata rai, daga baya in ba ta faɗa ba sai ya tambaya ko lafiya.

Da rana, in gari ya kwanta barcin azahar, saƙonsa zai shigo.

"Alƙaliyata, yau na ƙona faranti guda na burodi. Mama ta ce ko aljanu. Ban gaya mata sunan aljanar ba."

"Lamba Tara, ka kawo ƙonannen. Wanda ya jawo asara shi ya kamata ya ci."

Wata rana kuma ya rubuto: "Ban san me kike gani a wurina ba. Na duba madubi, na duba ƙafar, ban samu ba."

Ta mayar masa da amsa. "Ba aikinka ba ne ka gani. Ka dai zo gobe."

Gerardo bai makance har haka ba. Wata yamma bayan an watse, ya ce ta zauna.

"Yaron Carmela ba zai yiwu ba."

"Baba, saboda gasa?"

"Kina ganin ni sakarai ne? Fita ki ƙirga gidajen da aka manna wa takardar sayarwa a layin nan. Likita sai ranar da ya ga dama yake zuwa. Wa ya rage yana sayen burodi? Mu tsofaffi, mu kuma ɗaya bayan ɗaya ake kai mu makabartar bayan coci. Yaron ba sana'a, ba karatu, ba ƙafa. Pierluigi yana da aiki a Milano, ya yi mini magana da mutunci."

Pierluigi ɗan mai kantin magani ne, shi ne mafi ƙuruciya a gasar. Ya daɗe yana yi wa Gerardo musaya mai daɗi, ya ba da ɗan wasa mai kyau ya karɓi tarkace, duk don a san da shi.

"Ba na son Pierluigi, Baba."

"So! Da zuciya na zaɓi yaron nan a dā. Kin ga inda ta kai ni."

A can gidan burodi ma Carmela ba ta yi murna ba. "Ka je gidan da ake maka dariya? Ɗana, duniya ta yi maka isasshe, kar ka kai mata kanka."

Agusta ta zo. Motoci masu lambar Jamus da Suwizalan suka cika dandali. Ranar zaɓe aka haɗa tebura, aka kawo taliyar tanda da giyar gida. Ilenia ta roƙi Saverio ya zo, ya zo, ya zauna a gefe kusa da ƙofa.

Da zaɓi ya zo kan Gerardo, kowa ya ɗauka yaron nan mai tsaron baya zai kira. Ilenia ta raɗa masa, ya kira wani ɗan tsakiya da ba a cika sani ba.

Pierluigi ya yi tafi a hankali, yana kallon Saverio. "Sabon mai ba da shawara ke nan. Gurgu ya fi kowa sanin gurgu."

"Pierluì, ci taliyarka," in ji tsoho Nicodemo, tsohon direban bas, wanda shi ke raba gardama a gasar.

"Ai yabo ne. Amma Savè, ka taɓa tambaya wa ya sa Kawu ya sake ka? Shi kuka yake yi, ya ce zai riƙe ka har ka warke. Ilenia ce ta ce gwiwar ta mutu, kana tare wa mai rai gurbi. A teburin nan, ina zaune."

Saverio ya dubi Gerardo, tsohon ya sunkuyar da kai. Saverio ya juya ya dubi Ilenia.

"Haka ne," ta ce.

Ya tashi. Yana son ya fita da sauri, ƙafar ba ta ba shi dama ba, sai da kowa ya kalle shi har ƙofa.

Ta tura saƙo, bai amsa ba. Ta sake, shiru. Burodin safe ya koma Carmela ke kawowa, ta ajiye ba gaisuwa. Bayan biki Ilenia ta ji a bakin mutane cewa zai bi ɗan kawunsa Jamus, aikin gashi a wata masana'antar burodi.

Ta same shi a gaban tanda, garin fulawa har girarsa.

"Ba zan ce ban faɗa ba," ta ce. "A lokacin ban san ka ba. Ƙafa na gani a waya."

"Na sani."

"To me ya sa kake hukunta ni?"

Ya ajiye katakon da yake fito da burodi da shi. "Ba hukunci ba ne, Ile. Da ƙarya kika yi da na ji sauƙi. Ke ba kya kuskure a kan mutum. Yanzu ne kike yi, don kina sona. Wata rana idonki zai washe, ki ga abin da kika gani da farko."

"Kai ba ɗan wasana ba ne, Savè. Ba maki nake nema a wurinka ba."

"Babanki ya fi ki gaskiya. Me zan ba ki a nan?"

Ita ma ta san layinsu. Ta yi kuka, shi ma ya yi, ya shafa mata gari a kumatu garin share hawaye. Duk da haka ya tafi.

Sanyi ya shigo da wuri. Nicodemo ya kwanta bai tashi ba, aka rasa mai karɓar ƙungiyarsa. Biyu daga 'yan Suwizalan suka ce sun gaji, 'ya'yansu ma ba sa son zuwa Agusta. Ranar Lahadi sai ka ga mutum uku a gaban talabijin. Pierluigi ya zo Kirsimeti da zobe, Ilenia ta ce masa a'a a gaban mahaifinta, ba ta ko ɗaga murya ba.

Saƙon Saverio ya dawo, amma jefi-jefi.

"Nan rana ba ta fitowa. Burodinsu kamar bulo. Ƙafar tana ciwo in na daɗe a tsaye. Kar ki jira ni."

"Ban ce jiranka nake ba. Zaune kawai nake."

Tana nan tana jera wa mahaifinta ƙungiya, amma duk wanda ya ce a sa, sai ta sa. Wani mako da gangan ya kira sunan ɗan wasan da aka dakatar. Ta sa shi, ba ta ce uffan ba. Gerardo ya daɗe yana kallon inda take.

Washegari ya je gidan burodi, ya cire hula, ya roƙi Carmela ta kira masa ɗanta.

"Savè, Gerardo ne. Kar ka kashe."

"Ina ji, Kawu."

"Ban canza ra'ayi ba. Ban ga gobenka ba. Amma na duba, ban ga tawa ba, ban ga ta garin ba, Milano kuma 'yata ta ce ba ta so. Yarinyar nan ta daina yi mini gardama. Tun da uwarta ta rasu ban ji gidan ya yi shiru haka ba."

"Kawu, ɗaki ɗaya gare ni, a saman wani gareji."

"Da taga?"

"Da ƙarama."

"To zo ka ɗauke ta. Abin da na faɗa ranar da ka shigo shagona, baki ne na tsohon da ya ji ciwo. Ka yafe."

Carmela ta juya baya tana share ido da gefen zanen aikinta.

Da la'asar wayar Ilenia ta yi ƙara.

"Alƙaliyata, ba ni da komai sai aikin tsaye da ƙafar da ba ta son tsayuwa. In har yanzu idonki bai washe ba, ki aure ni."

"A buɗe yake tun farko, Lamba Tara. Na yarda."

Bayan Ista aka ɗaura auren. Kujerun cocin rabi babu kowa, fada ya yi ta jan huɗuba don kar a ce an gama da wuri. Saverio bai iya durƙusawa ba, sai Ilenia ma ta tsaya, suka karɓi albarka a tsaye hannu cikin hannu. Aka ci rago da taliya a shagon. Waɗanda suka rage a gasar suka yarda a wurin cewa in kakar wasan nan ta ƙare, an rufe ke nan. Ba wanda ya yi musu.

Sun roƙi Gerardo ya bi su Jamus, ya ƙi. Ya ce wani ya kamata ya rage da zai riƙa kai furanni kabarin matarsa.

Da safe ya raka su dandali, shi da Carmela, ta cika musu jaka da burodi mai zafi. Bas ta tsaya. Ilenia ta rungume mahaifinta ta ƙi saki, sai da direba ya yi oda.

Gerardo ya lalubo kan Saverio, ya dafa, ya dafa na 'yarsa.

"Ku tafi. Kar ku riƙa waiwayen nan da yawa, ba abin da za ku gani. Allah ya haɗa kanku, ya sa ku tsufa kuna gardama. Ya ba ku layin da yara ke ihu har su hana ku barcin rana."

"Amin, Baba," in ji Saverio.

Karo na farko ke nan da ya kira shi haka. Ilenia ta riƙe masa hannu ya hau matakalar, ƙafa mai lafiya a gaba, ɗayar ta biyo a hankali. Tsofaffin biyu suka tsaya a dandali suna ɗaga hannu, Carmela tana gaya wa Gerardo inda motar ta kai, har ta sha kwana.